YADDA A KE TA DA JINI DAGA BARCI

Bari in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni a shekarar 2024. Na san waɗansu za su ce, me ya haɗa mai koyon aikin malanta da zancen jini? To, ku yi haƙuri ku ji. Ni ma dā ba ruwana, ƙafar ubana ce ta jawo ni ciki.

Ubana manomi ne a wani ƙauye kusa da Pankshin, dattijo ne kuma cikin ikilisiyarmu. A 2021 aka gaya masa yana da ciwon suga. Da damunar 2023, yana cikin gonar acca, kututture ya soke shi a tafin ƙafar hagu, wajen gindin babban yatsa. Bai ko ji ba, gama ciwon suga yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa. Sai da yamma Mama ta ga jini a takalminsa. Ɗan rauni ne, wanda in ni ne kwana bakwai ya isa ya warke. Nasa kuwa ya ƙi, ya zama gyambo. Aka sa zuma, aka sa ganye, aka yi ta zuwa ɗakin shan magani ana wankewa ana ɗaurewa, gyambo sai ƙara faɗi ya ke yi, har ya kai faɗin ƙwan kaza.

Cikin watan Fabrairu muka sayar da awaki biyu, na ɗauki izni a kwaleji, na kai shi wani asibiti a Jos. Likitan ya yanke mataccen nama, ya taɓa jijiyar ƙafar ya ce jini yana zuwa, wannan abin godiya ne. Sa'an nan ya faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ya ce tilas suga ya sauka, tilas kuma Baba ya bar taka wurin, in kuwa ciwon ya kai ƙashi, to yatsa zai tafi, wataƙila ma ƙafar. Da ya ga jikinmu ya yi sanyi sai ya ce akwai wani ƙari da ya ke gwadawa ga waɗansu. Za a ɗebi jinin Baba kaɗan, a tace, a ta da shi, a shimfiɗa a kan gyambon.

Baba ya dube shi ya ce, "Likita, a ta da shi? Barci ya ke yi?"

Ma'aikatan da ke wurin suka yi dariya. Likita kuwa bai yi ba. Ya ce, "I, Baba, barci ya ke yi."

Baba ya ce, "Wanzami yakan ja jini da ƙaho ya zubar, wannan na sani. Amma a ɗebi jinina, a shiga da shi wani ɗaki, a zuba masa abin da ban sani ba, kāna a komo mini da shi? Me za a zuba?"

Likita ya faɗi sunan abin da Turanci, da ya ke mutane sun cika ƙofa suna jiransa. Baba ya ɗauki sandarsa. Mutum ne mai tsantseni game da jini, ya san abin da Littafin Firistoci ya koyar a kansa, ba ya ko cin naman da ba a tsiyaye ba. A mota muna komawa ya ce mini da harshenmu na Ngas, "Kai ne ka yi boko. Je ka bincika. In ka gane, ka zo ka gaya mini da bakinmu. In ban gane ba, ba na yi."

Jama'a, tun da na shiga kwalejin nan ba a taɓa ba ni aikin gida mai nauyin wannan ba. Mako biyar na yi tsakanin ɗakin karatu da intanet da ofishin malaminmu na ilmin halittu, wanda na dame shi har ya fara ɓuya in ya hango ni. Ga abin da na samo.

In an zuba jini a kwalba, aka wulwula shi da ƙarfi cikin inji kamar yadda yaro ke wulwula majajjawa, sai ya rabu. Jajayen ƙwayoyi, da ya ke sun fi nauyi, su kwanta a ƙasa, kusan rabin kwalba. A sama sai ruwa rawaya-rawaya kamar man gyaɗa, shi a ke kira filasma. Tsakaninsu akwai wani ɗan fari-fari siriri. A nan, da cikin ruwan da ke dab da shi, waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ke taruwa, waɗanda Turawa ke kira filatilet, watau 'yan faranti, domin faɗinsu da kewayensu. Ni dai 'yan faifai na ke ce da su. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882. Cikin ɓargo a ke yinsu, kowane kuwa yakan yi kwana 7 zuwa 10 yana yawo cikin jini kafin ya mutu. In ka raba ɗigon jini guda kashi 50, kashi ɗaya kaɗai yana ɗauke da 'yan faifai 150,000 zuwa 450,000. Abin da likitan ke nufi da tacewa shi ne a kwashe ruwan nan da 'yan faifai suka yi yawa a ciki, a bar jajayen.

Aikinsu da aka fara sani shi ne toshe rauni, kada jini ya yi ta zuba. Ashe ba shi ke nan ba. Kowane ɗan faifai yana tafe da 'yan jakunkuna 50 zuwa 80 a cikinsa, kamar wanzami da zabirarsa. A 1974 wani masani, Russell Ross, a birnin Siyatil na Amurka, ya lura ƙwayoyin nama da ya ke kiwo a faranti suna hayayyafa in ya ba su ruwan jinin da ya daskare da 'yan faifansa, in kuwa an fid da 'yan faifan tukuna sai su tsaya. Watau cikin zabirar nan akwai abin da ke sa nama ya tsiro. Yanzu an san iri-irinsu da yawa, ana ce da su sinadaran tsiro. Wani yana kiran ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama, wani yana sa 'yan ƙananan jijiyoyin jini su toho, wani kuma yana jawo fata daga bakin rauni zuwa tsakiya.

Amma muddin ɗan faifai yana yawo cikin jijiya lafiyayya, zabirarsa a ɗaure ta ke. Wannan kuwa jinƙan Allah ne, gama da za su farka cikin jijiya su manne wa juna, da jini ya daskare a hanya, abin da ke kawo shanyewar jiki ke nan da ciwon zuciya. Sai jijiya ta yage su ke farkawa. Su canza kama, su fid da 'yan ƙafafu, su kama juna, su zazzage zabira. Ashe tambayar Baba da aka yi wa dariya ita ce ainihin tambayar. Barci su ke yi, wanda kuma ya tara su a kwalba bai ta da su ba, kamar wanda ya tara masu gayya ne a gona ya bar su kwance a gindin itace.

Akwai kuma wani ƙulli. Jini in ya fita jiki, cikin 'yan mintoci ya ke daskarewa, ba za ka samu damar tace shi ba. Don haka sai an fara hana shi. Abin da a ke sawa a kwalbar tun kafin jini ya shiga shi ne sitiret, gishirin tsamin nan da ke cikin lemun tsami. Tun 1914 da 1915 likitoci uku, Albert Hustin a Beljiyam, da Luis Agote a Ajantina, da Richard Lewisohn a Amurka, suka nuna yana hana jini daskarewa, da haka ne ma aka samu ajiye jini don ƙara wa majiyyata. Dabararsa ita ce yana kama kalsiyam da ke cikin jini ya riƙe. Kalsiyam kuwa, wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai da allin da mu ke rubutu da shi, in babu shi jini ba ya daskarewa. To, kun ga likita da hannunsa ya ƙara wa jinin barci. Tilas ke nan ya san yadda zai ta da shi. A nan hanyoyi suka rabu, masana kuma suka rabu.

Hanya mafi sauri ita ce turombin. Wannan abu ne da jiki kansa ke yi a bakin rauni, daga wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini. Aiki biyu gare shi. Yana mai da wani abu da ke narke cikin filasma ya zama zare, zaren ya saƙu kamar tarun masunta ya riƙe kome. Yana kuma ta da 'yan faifai, ba wani abu a jiki da ya fi shi ƙarfin ta da su. A 1986 wani likita a Minesota, David Knighton, ya ba da labarin mutum 49 masu raunin da ya ƙi warkewa, waɗanda ya yi wa magani da abin da 'yan faifansu suka zazzage bayan ya sa musu turombin. A 1998 kuma Robert Marx, likitan muƙamuƙi a Mayami, ya haɗa turombin da kalsiyam ya zuba wa ruwan jinin rabin mutum 88 da a ke yi wa dashen ƙashi a haɓa. Rubutunsa ne ya sa abin ya bazu duniya. Da turombin, kafin minti guda ruwa ya zama curi. Marx ya ce galibin abin da ke cikin zabira yana fita cikin minti 10 na fari, kusan dukansa kuwa cikin sa'a guda. Domin wannan ya gargaɗi likitoci kada su ta da jinin sai sun shirya sa shi a jiki nan take. In ka ta da shi da wuri, maganin ya zube a kwalba ke nan.

Da na kai ga inda a ke samun turombin ɗin, sai gabana ya faɗi. Daga jinin shanu a ke tace shi. Na ce a raina, shi ke nan, in kalmar saniya ta fita bakina, Baba ba zai sake taka asibitin nan ba. Ashe ba Baba kaɗai ke da dalilin tsoro ba. An ga waɗansu mutane da aka yi wa aiki da turombin shanu, jikinsu ya ɗauke shi baƙo ya yi masa makaman yaƙi, makaman kuma suka juya suka kama wani sinadarin daskarewa na mutumin kansa, domin ya yi kama da na saniyar, har jini ya ƙi tsayawa. A 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga babban gargaɗi a kan kwalinsa. Daga baya aka samu wanda a ke tacewa daga jinin mutane a 2007, da wanda a ke haɗawa a ɗakin bincike ba da jinin kowa ba a 2008. Akwai kuma masu ɗiban ɗan jinin majiyyacin dabam, su bar shi ya daskare, su tsiyaye ruwan da ya fito, gama akwai turombin nasa na kansa a ciki. Daren nan ban yi barci ba. Da safe na buga wa likitan waya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ni ba ni da turombin ko na saniya ko na mutum, tsada gare shi. Kalsiyam na ke sawa."

Wannan ita ce hanya ta biyu, ita ce kuma ta fi kwanta mini a rai, domin ba a kawo baƙo. Abin da sitiret ya ƙwace shi a ke mayarwa. Ɗan ruwan kalsiyam ne na allura, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda ke cikin kabad na kowane babban asibiti. In an ɗiga shi har ya fi ƙarfin sitiret, sai jinin ya shiga yin turombin nasa da kansa, kaɗan-kaɗan. Na fari ya ta da waɗansu 'yan faifai, su kuma su fid da abin da zai ta da maƙwabtansu, kamar yadda zakara ɗaya ke cara da asuba na maƙwabta su amsa har gari ya ɗauka. Ba ya yin curi nan da nan, yakan ɗauki minti 10 zuwa 30, in da ɗumi kuwa ya fi sauri. Wani likitan haƙori a ƙasar Sifen, Eduardo Anitua, shi ya tsaya a kan kalsiyam kaɗai tun 1999. Kada wani ɗan aji ɗaya ya ji na ambaci alli ya ce zai gwada, don Allah. Na asibiti tsarkakakke ne, an auna shi.

Waɗansu likitoci kuma cewa su ke yi, me ya sa za a ta da shi a kwalba? A kai shi wurin ciwon yana barci, jiki ya ta da shi. Hujjarsu ita ce kolajin, watau abin nan da ke cikin ganda da jijiyar nama, wanda ke sa romon ƙafar saniya ya yi kauri in ya kwana. Duk naman jikinmu da shi aka ɗaure, amma cikin jijiya lafiyayya an lulluɓe shi, 'yan faifai ba sa taɓa shi sai an yi rauni. Da sun taɓa shi sai su farka. Masu yi wa gwiwa da agara allura sun fi bin wannan, gama curi ba ya bin bakin allura.

Wani Bafaranshe, Joseph Choukroun, a birnin Nis, ya zo da wata dabara wajen 2001 wadda ta ba ni sha'awa don sauƙinta. Shi ba ya sa sitiret ko kaɗan. Yana ɗiban jini cikin kwalbar gilashi ya jefa a inji nan take. Taɓa gilashin kawai ya isa ya fara ta da jinin, sai ya riƙa daskarewa yana rabuwa lokaci guda. Bayan kamar minti 10 a zaro wani curi rawaya mai yauƙi, a matse shi ya zama kamar fata. Irin wannan yakan yi mako guda ko fiye yana sakin sinadaran tsiro. Sai dai mai ɗiban jinin ya zama mai zafin nama, in ya tsaya gaisuwa jinin ya daskare masa a hannu.

Akwai kuma masu fasa rumbu maimakon buɗe ƙofa. Su sa ruwan a sanyi mai tsanani, digiri 80 ƙasa da sifiri, su narkar, su sake daskararwa, har ƙanƙara ta farfasa 'yan faifan kome ya zubo. Wannan ya fi amfani ga masu kiwon ƙwayoyin nama a ɗakin bincike, da masu yin maganin ɗigawa a ido. Na kuma karanta ana gwada haske da bugun lantarki.

Wace ta fi? A 2016 waɗansu masana a Bolonya ta Italiya suka raba ruwan jini suka gwada hanya huɗu gefe da gefe, suna aunawa daga minti 15 har sa'a 24. Inda aka sa turombin, shi kaɗai ko tare da kalsiyam, manyan sinadarai biyu suka fito gaba ɗaya tun da fari. Inda aka sa kalsiyam kaɗai, suka yi ta ƙaruwa sannu-sannu har sa'a 24. Kolajin kuwa bai yi curi ba, abin da ya fitar kuma ya fi na sauran ƙanƙanta. Amma wannan a kwalba ne. Ko rauni ya fi son a ba shi duka lokaci guda, ko kaɗan-kaɗan, masana ba su daidaita ba. A nawa ɗan hankalin, gyambon da ya yi wata tara ba baƙon kwana ɗaya ba ne, ruwan da ya sauka a hankali kuma shi ke shiga ƙasa. Amma ni ɗalibin malanta ne, ba likita ba.

Da hutun Ista na tafi gida da 'yan takarduna. Bayan cin tuwo na zauna gaban Baba a tsakar gida, Mama da ƙannena suna ji. Na kawo faifai da zabirar aro da guntun alli, kamar yadda a ke koya mana a zo aji da kayan nuni. Kai, ban taɓa jin harshenmu ya yi mini wuya kamar ran nan ba. Abin da na ke tsammani na gane da Turanci, da na zo faɗinsa da Ngas sai in tarar rabinsa kawai na riƙe. Sau uku yana tsai da ni. Ya ce, "Wanda ya sa shi barci, shi ne kuma zai tashe shi?" Na ce i. Ya ce, "Abin da ya ɗauke, shi zai mayar, ba ƙari?" Na ce ba ƙari, sai ɗan abin da ya hau. Ya ce, "Ba na dabba, ba na wani mutum?" Na ce babu. Ya yi shiru, can ya ce, "To, zai warke?"

A nan na yi kuskuren da har yau ina jin kunyarsa. Na ga ya kusa yarda, na ji tsoron kada ya kuɓuce mini. Na ce, "Lalle zai warke, Baba." Likita bai taɓa faɗin haka ba. Shi ƙari ya ce, gwaji ya ce. Ni na ɗora lallen daga aljihuna.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Da na ga gwiwarsa na damunsa saboda ɗingishi, sai na sayo masa ƙwayoyin ciwon jiki a kasuwa, yana sha safe da yamma. Da muka isa Jos likita ya tambayi abin da ya ke sha, na nuna takardar. Ya duba ya ce akwai asfirin a ciki. Ashe asfirin yana kashe wani abu cikin ɗan faifai wanda ya ke kiran 'yan'uwansa da shi, ɗan faifai kuwa ba shi da ikon ƙera wani, sai dai a jira sababbi su fito daga ɓargo. Ya ce ba ya so ya ɓata jinin tsoho a kan wataƙila, mu komo bayan kwana 10. Ya ƙara da cewa wanda likita ya ɗora a kan asfirin don zuciya, kada ya bari da kansa. Kuɗin mota ya tafi a banza. Duk hanya Baba bai ce mini kome ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ran da muka koma, Baba ya kafa sharaɗi guda, cewa jininsa ba zai ɓace wa idonsa ba. Likita ya yarda, aka ajiye masa kujera a bakin ƙofar ɗakin injin, aka rubuta sunansa a kwalaben yana kallo. A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Daga baya na karanta hukumar lafiya ta Amurka ta ba da labari a 2024, cewa mata uku sun kamu da ƙanjamau a wani shagon gyaran fuska da ke yin irin wannan aiki ba tsabta ba izni. Tun daga nan ban ƙara ce da ita rigima ba.

Mililita 40 aka ɗiba, bai cika babban cokali uku ba, cikin wajen lita biyar da ke jikin mutum. Aka juya sau biyu. Sista ta zuƙe ɗan ruwan rawaya ta zuba a wata kwalba, ta fasa 'yar kwalbar kalsiyam ta nuna wa Baba, fari tas kamar ruwan sha, ta ɗiga, ta toshe. Da ya ke da safe ne, sanyin Jos kuwa kun san shi, likita ya ce a sa a ruwan ɗumi. Sai ya dubi Baba ya ce, "Ko kuwa Baba zai riƙe mana? Ɗumin jikinka shi ya sani." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya dunƙule a tafinsa kamar mai riƙe da ɗan tsako. Muka zauna ba mai magana. Jim kaɗan ya karkata kwalbar, ruwa ya bi. Ya sake rufewa. Ni kuwa zuciyata sai bugawa ta ke yi, ina tuna asfirin, ina duban agogon bango. Wajen minti 20 ya sake karkatawa, abin ya tsaya cik, ya kama jikin kwalba kamar kamu. Baba ya ɗaga shi wajen taga ya duba, ya ce da Hausa, "Af, ya tashi."

Aka zaro curin da ɗan ƙarfe aka shimfiɗa a kan gyambon, aka rufe. Sau shida aka yi, mako-mako. Biyu na fari da ni, sauran ƙanena ya kai shi, gama hutu ya ƙare.

Da na komo kwaleji ban bar karatun ba, a nan kuwa na gamu da abin da ya hana ni sakewa. Bayan Knighton, wani gwaji na 1991 bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka sa wa da waɗanda ba a sa wa ba. Gwaji mafi ƙarfi da na samu shi ne na 2018, a Ingila da Danmak da Suwidin, kan mutum 269 masu gyambon suga. An yi musu wani faci daga jininsu ba tare da an zuba kome ba, kusa da dabarar Bafaranshen nan. Cikin mako 20, mutum 34 cikin 100 suka warke, waɗanda aka yi wa wanki da ɗauri kaɗai kuwa 22 cikin 100. Taimako ne, amma ku duba, biyu cikin uku ba su warke ba a wannan lokaci. A 2023 kuma ƙungiyar masana ƙafar masu ciwon suga ta duniya ta ba da shawara cewa, ban da facin nan, hujjar sauran hanyoyin ba ta isa a riƙa yinsu ga kowa ba. Sauran hanyoyin kuwa har da tamu.

Mako biyu ina juya abin a raina. Ran wata Asabar na hau mota na tafi gida, na same shi zaune ƙafa a kan turmi, ƙannena sun tafi gona ba shi. Na durƙusa na ce, "Baba, lallen nan da na ce, ba ni da ita. Masu ilmin ma ba su da ita." Na faɗa masa lissafin duka. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Da ka ce lalle, ai na san ba kai ke ba da lafiya ba. Abin da za a zuba na tambaye ka, ka kuwa gaya mini. Tashi ka kawo mini ruwa."

Gyambon ya rufe cikin watan Nuwamba. In kun tambaye ni abin da ya rufe shi, ba zan sake yin lalle ba. A watannin nan sugansa ya sauka, ya bar shan shayi mai zaƙi, an yi masa takalmi mai rami a wurin ciwon, damuna guda kuma bai taka gona ba, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Likitan da kansa ya ce in za a raba ladan, takalmin da haƙurin zama su za su ɗauki babban kashi.

Kafin Kirsimati muka koma a duba tabon. Muna kan benci sai ga wani tsoho daga wajen Mangu, an naɗe masa ƙafa, ɗansa yana ta lallashinsa, shi kuwa yana cewa ba mai taɓa masa jini. Baba ya matsa kusa da shi, suka gaisa. Ina ji yana ce masa, "Malam, jinin nan naka barci ya ke yi. Akwai 'yan wanzamai a ciki, kowa da zabirarsa. Za a ba su ruwan lemun tsami su kwanta, a tara su wuri ɗaya, kāna a ba su ruwan alli su tashi. Ba na saniya a ciki, na tambaya. Ka ce a ba ka ka riƙe da hannunka."

Na buɗe baki in gyara zancen allin, sai na ga tsohon ya kasa kunne, na yi shiru.

Tsohon ya ce, "To, in an yi, ana warkewa?"

Baba ya ce, "Wannan ban sani ba. Ɗana ma da ya yi boko bai sani ba, ga shi nan ka tambaye shi. Amma ka bar taka ƙafar."

Sista ta leƙo ta kira sunanmu, na miƙa masa sandarsa muka shiga.